Haske Ba Ya Ganin Wanda Ya Ɓuya A Ɗaki

Ranar nan da dare a ɗakin kwananmu na kifa tafin hannuna a kan tocila, sai na ga yatsuna sun yi ja wur. Malaminmu na kimiyya ya ce ai haske yana ratsa naman mutum, jini kuma yana shanye wani sashe nasa. A kan wannan ne masana suka gina wata hanya ta gano ƙari a cikin jiki.

Tun 1880 Alexander Graham Bell ya gano cewa haske mai ƙyaftawa yakan sa abu ya fid da sauti. A 1960 aka ƙera leza ta farko a Amurka. Yanzu likita yakan harba hasken leza a nono, jini ya sha hasken ya ɗan ɗumama, ya fid da sautin da kunne ba ya ji, na'ura ta mai da shi hoto. Shi ciwon daji yakan tara jijiyoyin jini a kewayensa don ya ci ya girma, saboda haka sai asirinsa ya tonu. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura. Duk da haka, sai an ɗebi ɗan nama an gwada kafin a tabbatar.

To, amma jama'a, ina amfanin na'ura in marar lafiya ya ɓuya? Gwaggona a ƙasar Ngaski ta ji ƙari a nononta, ta rufe saboda kunya. Aka ce jifa ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Ko da aka kai ta Sakkwato, lokaci ya ƙure. Allah ya jiƙanta.

Ni a ganina, kafin leza ta iso Yawuri, akwai abin da ke hannunmu. Iyayenmu mata, ku riƙa shafa jikinku kuna dubawa. Wadda ta ji wani ƙulli ta tafi asibiti, ko daga Shanga take, ko daga tsibiran tafkin Kainji. Iyayenmu maza, ku ba da izini da kuɗin mota, kada ku jira sai an sayar da kifi ko shinkafa.

Mu kuma ɗalibai, mu dage da kimiyya, domin wata rana mu ne za mu riƙe na'urar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.