Laifin Argyle Park shi ne ta yi kuka a gaban jama'a

'Yan'uwa matasa, yawancinku ba ku taɓa jin sunan Argyle Park ba, kuma da wuya ku ji shi a bakin mawaƙan sujada. Ƙungiyar kiɗa ce da aka kafa a Niyu Yok ta Amurka a 1994, ta watse a 1996. Faifai ɗaya ta fitar da wannan suna, Misguided, a 1995, a ƙarƙashin R.E.X., kamfanin da ke buga waƙoƙin Kirista. Irin kiɗanta shi ake kira indastiriyal: ganga ta na'ura, jita mai gurnani, ƙara kamar ta injin niƙa. Ba na roƙon kowa ya so shi. Ni ma kunnena ba ya ɗaukarsa.

Masu ƙungiyar sun sakaya sunayensu, suna kiran kansu Buka, Dred da Deathwish. Mai haɗa kiɗan shi ne Scott Albert na ƙungiyar Circle of Dust, wanda daga baya duniya ta san shi da Klayton. Waƙoƙin kuwa na ɗaci ne da fushi, na wanda ya ba da amana aka ci. Ba su rufe kowace waƙa da cewa komai ya yi daidai ba. Nan rigima ta tashi. Wasu masu bi suka ce faifan ya yi duhu, babu bishara a ciki. Wasu suka ce ina dalilin gayyato Tommy Victor na Prong da J. G. Thirlwell, mutanen da ba daga da'irar waƙar Kirista suka fito ba.

To, ina tambayar masu wannan hukunci: wane Littafi Mai Tsarki suke karantawa? Ku buɗe Zabura 88. Daga farko har ƙarshe kuka ne, kuma a cikin duhu ta ƙare, babu juyawa zuwa yabo. Zabura 55 ƙorafin mutum ne da amininsa, wanda suke zuwa Haikali tare, ya juya masa baya. Littafin Makoki sura 5 ne na hawaye a kan Urushalima. Da an kai waɗannan gaban kwamitin tantance waƙoƙi na irin mutanen nan, da sun mayar wa marubutan su je su ƙara fara'a. Sun manta cewa a sura ta 42 ta littafin Ayuba, Ubangiji ya yi fushi ne da abokan nan uku masu tsararriyar magana ta addini. Ayuba mai kuka shi aka ce ya yi musu addu'a.

Na yarda akwai fushin da ke zama zunubi, akwai kuma waƙar da ke lasar ciwo har ya ruɓe. Makiyayi yana da hakkin ya faɗi haka. Amma sai ya fara tambayar yaron wa ya ji masa ciwon. Idan saurayi ya ce an ci amanarsa, mu kuma abin da ya dame mu shi ne ƙarfin muryarsa, mun kare wanda ya yi cutar ke nan, ko mun sani ko ba mu sani ba. Yaro yana lura. Gobe ba zai kawo mana kukansa ba, zai kai inda ba a tambayarsa aya.

Batun baƙin mawaƙa kuwa bai kai a tsaya a kansa ba. A kan faifan nan akwai Mark Salomon da Jyro Xhan, sanannu a waƙar Kirista. Wanda muke bi ma an zarge shi da cin abinci tare da masu karɓar haraji.

Ƙungiyar ta hau dandali a bikin Cornerstone na 1995 a jihar Illinois. R.E.X. ya shiga matsalar kuɗi, abin ya mutu. Albert ya fice daga kasuwar waƙar Kirista, ya kafa Celldweller, ya yi suna a waje. An sake gwadawa da sunan AP2, faifai ɗaya a 2000 a kamfanin Tooth & Nail, shi ma bai ɗore ba. Da aka sake fitar da Misguided a 2016, kamfanin Klayton na kansa, FiXT, shi ya buga shi.