FAGEN WASANNI: Masu taurin haɓa a damben Turawa

A wannan mako gardamar majalisar shayi ce na ɗauko na kawo muku, domin ta gagari majalisar. Wani ɗan kasuwa abokin zamanmu, wanda damben Turawa ba ya wuce shi a tele ko da ƙarfe uku na dare za a nuna, shi ne ya jefo tambayar. Ya ce a cikin dukan ƴan damben duniya, wane ne ya fi jure naushi, wato wanda ake jibga ya ƙi zuwa ƙasa? Kafin a sauke shayi na biyu majalisa ta rabu gida uku, kowa da gwaninsa, har aka watse ba wanda ya sallama. Ni dai na yi shiru a wurin, na ce amsata sai a jarida.

Wannan dambe ba baƙo ba ne gare mu, tun da yake da shi ne Issaka Dabore ya samo ma Nijar lambarta ta farko a wasannin Olampik, ta tagulla, a birnin Munik a 1972. Amma wancan turmi uku ne kawai ake yi a tashi. Wanda muke magana a kai shi ne na ƴan kuɗi, masu cin abinci da shi, inda a da ake yin turmi 15 na minti uku uku in ana neman kambun duniya. Ku lissafa da kanku, minti 45 ke nan mutum yana tsaye gaban ƙato mai neman kansa.

Su Turawa da haɓa suke auna wannan baiwa. In suka ce wane yana da haɓa, suna nufin ana dukansa ba ya zubewa. Dalilin kuwa likitoci sun bayyana shi. Ƙwaƙwalwa tana zaune cikin ƙoƙon kai, ruwa ya kewaye ta. Naushin da ya sauka a tsinin haɓa yakan fizge kai ya juya shi farat ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta girgiza a ciki, ƙafafu su saki, mutum ya sulale bai ma san ya faɗi ba. Don haka ne mai kaurin wuya ya fi jurewa, kuma don haka ne masu horar da ƴan dambe suke cewa naushin da ba ka gani ba shi ke kayar da kai, domin wanda ka hango ka riga ka ɗaure masa wuya. Sauran kuwa halitta ce. Ba a sayen ta a kasuwa, ba a koyar da ita.

A nan ne damben namu na gargajiya ya sha bamban da nasu. A fagenmu, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauki kirari, wasa ya ƙare. A nasu kuwa alƙalin wasa ƙirga yake yi ma wanda ya faɗi har zuwa 10, in ya miƙe a ce ya koma a ci gaba da dukansa. Wanda ba ya faɗuwa ma sam, ba shi da ko wannan ɗan hutun. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

In ana maganar lissafi ne, to, babu gardama, George Chuvalo na ƙasar Kanada ne a gaba. An haife shi a Toronto a 1937, iyayensa baƙi ne ƴan ƙabilar Kuroshiya. Ya yi dambe 93 a rukunin masu nauyi, inda ƙarti suke, ba a taɓa kai shi ƙasa ba ko sau ɗaya. Kuma ba da yara ya kara ba. A watan Maris na 1966 ya yi turmi 15 da Muhammad Ali a Toronto, lokacin da Ali yake ganiyar ƙuruciyarsa, hannunsa ba ya ganuwa don sauri. Ali ya ci wasan da maki masu yawa, amma Chuvalo yana tsaye aka buga ƙararrawar ƙarshe, kuma ya yi ta narka ma Ali naushi a ciki da kwiɓi. Shi kansa ya sha faɗi cikin raha cewa a daren nan Ali likita aka kai shi, shi kuwa rawa ya tafi da matarsa. Sun sake karawa a Bankuba a 1972, turmi 12, nan ma yana tsaye. Sau biyu ne kawai aka tsayar masa da wasa: Joe Frazier a 1967, wanda ya fasa masa ƙashin da ke ƙarƙashin ido, da George Foreman a 1970. Duka biyun alƙali ne ya shiga tsakani, shi dai bai faɗi ba. Sai dai fa bai taɓa riƙe kambun duniya ba, wanda ya nuna cewa jure duka dabam, cin wasa dabam.

Waɗanda suka yi karatun Faransanci a cikinmu sun san sunan Marcel Cerdan, gwarzon Faransa haifaffen Aljeriya wanda ya girma a Kasabalanka. To, wanda ya ƙwace masa kambun matsakaita nauyi a Ditiroyit a watan Yuni na 1949 shi ne mutum na biyu a lissafina, Jake LaMotta na Amurka. Cerdan ya ji ciwo a kafaɗa tun turmin farko, ya daure har ya kasa fitowa na 10. Yana kan hanyarsa ta zuwa ramuwa ne jirginsu ya faɗi a tsibiran Azores cikin Oktoba na wannan shekara. LaMotta ya kara da Sugar Ray Robinson har sau shida, shi ne kuma ya fara cin Robinson a 1943. Da yake ma'anar Sugar ita ce sukari, yakan yi ba'a ya ce abin mamaki ne da bai kamu da ciwon sukari ba. A karonsu na ƙarshe, ran 14 ga Fabrairu 1951 a Shikago, Robinson ya yi masa dukan da har yanzu ake ba da labarinsa. A turmi na 13 LaMotta yana jingine da igiya, ba ya ramawa, fuska duk jini, alƙali ya tsayar da wasa, amma ƙafafunsa ba su saki ba. Cikin dambe 106 sau ɗaya tak aka kayar da shi, a ƙarshen 1952, lokacin ƙarfi ya riga ya tafi. Wannan mutum ya rayu shekara 95, sai a 2017 ya mutu, har tsufansa yana hawa dandali yana ba mutane dariya. Masu kallon faifan wasanninsa da idon basira sun lura da wani abu: ba tsayawa yake kamar kututture ba, bin naushi yake da kansa, ya kauce kaɗan, don haka abin da ƴan kallo ke gani ya sauka ba dukansa ke shiga ba.

Ni kam, in aka bar ni da son zuciyata, Marvin Hagler zan ɗauka. Dambe 67 ya yi, ya ci 62, kuma sau ɗaya aka rubuta masa faɗuwa, a karonsa da Juan Roldán na Ajantina a 1984, wadda shi har ya mutu yana cewa zamewa ya yi. Duk wanda ya ga turmin farko na wasansa da Thomas Hearns a Las Begas cikin Afrilu 1985 ba zai manta ba. Hearns, wanda damansa ta zubar da manya, ya sauke ta a kan Hagler har hannun ya karye, Hagler bai ja da baya ba. Goshinsa ya tsage, jini yana zuba har aka kira lokotoro ya duba, ya koma ya gama da Hearns a turmi na uku. Shekara guda bayan nan ya haɗu da John Mugabi na Uganda, wanda ya zo bai taɓa barin abokin karawa ya kai ƙarshen wasa ba. Hagler ya shanye abin da Mugabi ya zo da shi, ya kwantar da shi a turmi na 11. Abin da ya sa nake fifita shi ba taurin kai kaɗai ba ne. Bayan wasansa da Sugar Ray Leonard a 1987, wanda alƙalai suka ba Leonard, ya ajiye safar dambe bai sake waiwayowa ba duk da kuɗin da aka yi ta yi masa tayi. Ya koma Italiya yana wasan silima, ya rayu da hankalinsa har 2021.

Yanzu bari mu komo ga abin da na ce ku riƙe. Faɗuwa kunya ce a idon ƴan kallo, amma sau da yawa ita ke ceton mai ita, domin ita ke kawo ƙarshen duka. Wanda aka kwantar a turmi na biyu ya sha naushi kaɗan ya tafi gida. Mai taurin haɓa kuwa sai ya shanye na turmi 15 cif, kuma ƙwaƙwalwa tana rubuta kowane ɗaya kamar yadda mai kanti ke rubuta bashi. Tun a 1928 wani lokotoro na Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama tsofaffin ƴan dambe, inda harshe ke nauyi, tafiya ta zama ta mai maye, tunani ya gushe. Jerry Quarry, wanda shi ma aka yi ta yabo da jure duka a zamanin su Ali, da wannan ciwo ya mutu a 1999 yana da shekara 53, ba ya iya kula da kansa.

Watan Nuwamba na 1982 ya isa misali. Ran 13 ga wata, Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya yi ta musayar naushi da Ray Mancini a Las Begas, ya ƙi faɗuwa har turmi na 14. Da ya faɗi ya miƙe, amma daga nan aka ɗauke shi a sume, ƴan kwanaki kaɗan ya cika. Mako biyu bayan haka, a Hustan, Larry Holmes ya yi turmi 15 yana dukan Randall Cobb kamar mai sussukar gero, Cobb bai faɗi ba, alƙali kuma bai tsayar ba. Mai ba da labarin wasan a telebijin, Howard Cosell, ya ji ƙyamar abin har ya daina sharhin damben ƴan kuɗi daga ranar. Bayan mutuwar Kim ne hukumar WBC ta rage wasan kambu zuwa turmi 12, sauran hukumomi suka bi sahu kafin 1990.

Sai Muhammad Ali, wanda rabin majalisarmu suka tsaya a kansa. Mutane sun fi tuna rawarsa da bakinsa, alhali kuwa haɓarsa ce ta riƙe shi a rabin rayuwarsa na biyu. Sau huɗu aka ƙirga masa faɗuwa, duka ya miƙe. A 1971 Frazier ya kai shi ƙasa da hagu a turmi na 15, naushin da in wani ne sai an ɗauke shi, ya tashi ya ƙarasa. A 1973 Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi, ya kai turmi 12 a haka. A Kinshasa, ran 30 ga Oktoba 1974, da asuba, ya jingina da igiya ya bar Foreman yana dukansa har ƙarfin Foreman ya ƙare, sa'an nan ya kayar da shi a turmi na takwas. Duniya ta yi ta tafi, Afirka ta fi kowa. Amma a ganina wannan nasara ce ta cuce shi, domin ta koya masa cewa yana iya cin wasa da jikinsa in ƙafa ta gaza. A Manila a 1975 shi da Frazier suka kusa kashe juna, har Ali ya ce bai taɓa kusantar mutuwa kamar ranar ba. Mai horar da Frazier, Eddie Futch, shi ya hana yaronsa fita turmi na 15 don ya ga idanunsa sun rufe, Frazier kuwa ya daɗe yana jin haushin haka. A 1977 Ali ya sha turmi 15 na Earnie Shavers, wanda ake lissafawa cikin mafi nauyin hannu a tarihi. Bayan wannan wasa lokotoronsa, Ferdie Pacheco, ya ce ya bari hakanan, da aka ƙi jin maganarsa ya kama gabansa. A 1980, yana da shekara 38, ya zauna ma Larry Holmes turmi 10 ba ya iya ramawa, kuma bai faɗi ba, sai da Angelo Dundee ya ce ya isa. An ga Holmes da hawaye bayan wasan. A 1984 aka tabbatar Ali yana da ciwon karkarwa na Parkinson. Likitoci sun yi saɓani kan ko duka ne kaɗai sanadi, amma duk wanda ya gan shi a Atalanta a 1996 yana kunna wutar Olampik hannu na rawa, ya tuna da Kinshasa. Ya rasu a watan Yuni na 2016.

Shi kuwa Chuvalo, shekaru da yawa ana kafa hujja da shi cewa duka ba ya yi ma kowa illa, domin ya tsufa magana tasa garau. Masifarsa ta wata ƙofa ta shigo. Tsakanin 1985 da 1996 ya binne ƴaƴansa maza uku saboda miyagun ƙwayoyi, matarsa kuma ta kashe kanta a 1993, kwanaki kaɗan bayan mutuwar na biyun. Ya tashi ya riƙa zagaya makarantu da gidajen kaso na Kanada yana yi ma matasa gargaɗi. Daga baya, cikin tsufa, iyalinsa suka bayyana cewa ciwon mantuwa ya kama shi shi ma.

To, Alhaji, ga amsarka: Chuvalo ne, kuma shayin da muka sa a kai yana wuyanka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu leƙa fagen kokowa.