Dusar Ƙanƙara Ba Ta Bin Sunan Birni

Da zarar Disamba ta kama, sai tallan tafiye-tafiye ya cika mana wayoyi. Ga hoton yarinya cikin jar riga, dusar ƙanƙara na zuba a kanta, a ƙasa an rubuta Landan ko Faris da farashi a dala. Muna cewa wannan talla yaudara ce, kuma lokaci ya yi da za mu daina biyan kuɗin hoto.

Mu fara da Landan, tunda ita ce zakaran gwajin dafin masu tallan. Birni ne mai yawan yayyafi da hazo a Disamba. Hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta ƙirga shekarun da dusar ƙanƙara ta rufe wurare da yawa na ƙasar ranar Kirsimeti tun daga 1960, sai ta samu huɗu kacal: 1981, 1995, 2009 da 2010. Magidancin da ya kwashi iyalinsa daga Kano ko Maraɗi don yara su ga dusa a can, caca ya yi da guminsa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya dawo da lema da mura.

Dusa tana bin tsayin dutse da kusanci da ƙuryar arewacin duniya. Ko a tsaunukan Alps ma abin ya fara canjawa. A farkon Janairun 2023 ɗumi ya mamaye Turai, wuraren wasan sulu da ke ƙananan tsaunuka suka koma ciyawa, sai siririn layin dusar da inji ya fesa. Ƙanƙarar duwatsun Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmanta a shekarun 2022 da 2023 kaɗai. Gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijing a 2022 kusan gaba ɗaya a kan dusar inji aka yi ta. Mai tallan ya san da wannan, amma ba zai sa shi a hoto ba.

Wani zai ce to a tafi Rovaniemi a arewacin Finland. Gaskiya ne, can an fi samun dusa. Sai dai a faɗa wa mai tafiya cewa a ƙarshen Disamba rana ba ta wuce awa biyu zuwa uku a sama, sauran duk duhu ne ko dishi-dishi. Kuɗin bizar Schengen kuma yuro 90 ne, wanda ba a mayarwa idan an hana mutum. Wanda ya san haka ya kuma amince, Allah ya kai shi lafiya.

Abin takaici shi ne yadda ake ɓoye mana abin da ke nahiyarmu. A Maroko akwai Oukaïmeden, a tsaunukan Atlas kusa da Marrakesh, mai tsayin fiye da mita 2,600. Akwai garin Ifrane, inda a 1935 aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifili. Can ma dusar sai ta ga dama, an fi dacewa da ita a Janairu da Fabrairu. Amma ko ba ta zuba ba, ga abincin halal, ga masallaci a kusa, ga tsofaffin biranen Fas da Marrakesh da malamanmu suka daɗe da sanin sunansu. A Lesotho kuwa dusa tana sauka daga Yuni zuwa Agusta, lokacin daminarmu.

Ba mu ga laifin mai son ganin dusa ba, ganin ikon Allah ne. Laifin na mai sayar da ita ne ba tare da tabbas ba. Kafin mu biya ko kwabo, mu tambayi tsayin wurin, mu tambayi watan da dusar ta saba sauka, mu tambayi ko ta sama ce ko ta inji. Idan mai tallan ya fara kame-kame, mu riƙe kuɗinmu. Wanda hoto kawai yake so, Ski Dubai na nan cikin kanti tun 2005, kuma su ba su taɓa ɓoye cewa tasu ta inji ba ce.