Leza ba dilka ba ce

1/ Yau zan yi magana a kan masu ƙona wa mata fuska da sunan leza. Wanda zai ji haushi ya ji.

2/ Ƙanwata saura wata ɗaya bikinta aka kai ta wani gidan gyaran jiki, wai a goge mata tabon kuraje. Yarinyar da ta riƙe na'urar ko tambayar man da take shafawa ba ta yi ba, alhali shekara biyu tana bilicin. Bayan sati biyu kumatunta suka yi baƙi ƙirin. Garin neman gira aka rasa ido.

3/ Ku gane, leza wuta ce. Haske ne mai ƙona fata da gangan don sabuwa ta fito. Sinadarin da ya sa mu baƙaƙe, melanin, yana zuƙar wannan hasken, ya ɗau zafi. Ƙarfin da Baturiya za ta jure, ke zai bar miki tabon da ya fi na farko. In jikinki mai yin tabo mai tudu ne, abin ya fi muni.

4/ Likitoci na raba fata gida 6 a ma'aunin Fitzpatrick. Yawancinmu muna 5 ko 6. Nd:YAG mai 1064 ita aka fi amincewa da ita ga irin fatarmu; ta CO2 mai kankare fata haɗarinta ya fi yawa. Tambayi mai shagon wacce gare ta. In ta fara kame-kame, ɗauki jakarki ki fita.

5/ Ni ba na gaba da leza, tana aiki. Amma a hannun likitan fata mai rajista da MDCN, wanda zai sa ki daina bilicin tukuna, ya gwada a ɗan wuri kaɗan, ya faɗa miki zama ɗaya ba ya isa, kuma dole ki riƙa shafa man kariyar rana, SPF 30 zuwa sama.

6/ Iyaye kuma, don Allah a daina tura amare ana saura kwana kaɗan. Fata na buƙatar watanni ta warke.

7/ Ƙanwata da hoda mai kauri aka kai ta ɗaki. Har yau tana ganin likita. Mai shagon kuwa tana nan tana talla a Instagram.