Tashar nukiliya a Gana: mu dubi Fukushima da Onagawa kafin a aza tubali

Tun shekarar 2023 aka bayyana Nsuban da ke yankin Yamma a matsayin wurin da Gana ta fi so ta gina tashar wutar lantarki ta nukiliya, da Obotan a yankin Tsakiya a matsayin madadi. Duk wanda ya sha wahalar dumsor zai yi murna. Amma akwai tambayar da mutane ke yi a majalisa: idan ƙasa ta girgiza fa?

Tambayar ba ta banza ba ce. A watan Yunin 1939 girgizar ƙasa ta kashe mutum 17 a Akra, kuma har yau mazauna Weija da McCarthy Hill sukan ji ƙasa ta motsa. Tamu ba ta kai ta Japan ƙarfi ba ko kusa, amma can ne darasin yake.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgiza mai ƙarfin maki 9 ta afka wa Japan. A tashar Fukushima Daiichi, tukwanen nukiliya uku da ke aiki suka kashe kansu nan take, kamar yadda aka tsara. To ina matsalar? Ita tukunyar nukiliya ko an kashe ta tana ci gaba da fitar da zafi, dole famfo ya yi ta zuba mata ruwa. Wutar waje ta yanke, janareta suka tashi. Kafin awa guda igiyar sunami mai tsayin kusan mita 14 ta iso, alhali mita 5.7 aka yi wa tanadi. Ruwa ya cinye janaretan da aka ajiye a ƙasan gini, cikin tukwanen uku ya narke, mutum sama da 150,000 suka bar gidajensu.

Tashar Onagawa kuwa ta fi kusa da tushen girgizar, amma ta tsira, har mutanen gari suka fake a cikinta. Dalili? An gina ta a tudu mai mita 14.8, saboda injiniya Yanosuke Hirai ya dage a yi la'akari da sunamin shekarar 869. Shi kuma kamfanin TEPCO mai Fukushima, lissafinsa na 2008 ya nuna ruwa zai iya kai mita 15.7, amma aka ɗage gyara. Shi ya sa kwamitin majalisar Japan a 2012 ya ce bala'in aikin ɗan Adam ne.

Girgiza ɗaya, teku ɗaya, sakamako biyu. Bambancin shi ne wa aka saurara lokacin da gyara ke da tsada.

Nan ne ya shafe mu. Gana na da hukumar sa ido kan nukiliya tun dokar 2015. Abin dubawa shi ne ko za ta iya ce wa gwamnati da kamfanin waje "a dakata" ba tare da tsoro ba. A buga binciken ƙasar Nsuban kowa ya gani. A faɗa mana inda za a ajiye janareta, da hanyar da masunta da manoma za su bi idan an ce a tashi. Girgizar Noto ta Janairun 2024 ta datse hanyoyi kusa da tashar Shika, ta nuna tsarin kwashe mutane a takarda daban, a ƙasa daban.

Gemun Japan ya kama wuta. Lokacin shafa wa namu ruwa shi ne yanzu, tun kafin a sa hannu a kwangila.