Ra'ayinmu: Ga Rana, Ga Iska, Ina Masu Gyara?

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ya iso Lambar Rimi ba zai kasa ganin dogayen turakun nan masu fukafukai ba, guda 37, waɗanda aka kafa domin su mai da iska wutar lantarki mai ƙarfin megawat 10. Tunanin ya samo asali ne tun Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana Gwamna, aka kuwa ba kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa kwangilar. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka afka wa gidan da injiniyan kamfanin, Francis Collomp, yake zaune a garin Rimi, suka yi awon gaba da shi, ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta ɗauke shi. Bai kuɓuta ba sai a Nuwamba na 2013, da ya gudo daga hannunsu a Zariya. Ba mu ce wannan kaɗai ya jawo wa aikin jinkirin shekaru ba, domin akwai sauran dalilai irin waɗanda muka saba ji game da kwangila a ƙasar nan. Amma babu shakka tun daga wannan dare duk wani ƙwararre na waje sai ya yi dogon lissafi kafin ya yarda ya kwana a ƙauyukan Katsina.

Mun kawo wannan labari ne domin mu a Dutsin-Ma abin ya shafe mu kai tsaye. Injin iska da faifan hasken rana da famfon ban-ruwa ba kayan da za a kulle a ɗaki ba ne. A fili suke zama, a bakin gona, nesa da gari, kuma suna bukatar mai zuwa ya share ƙura, ya duba batir, ya auna abin da suka bayar yau ya gwada da na jiya. Ƙirƙira kuwa daga wannan zirga-zirga take fitowa, watau a kafa, ya lalace, a gano dalili, a sāke. To, ɗalibin da ba zai iya zuwa gona a ƙasar Kurfi ya dawo da la'asar hankali kwance ba, yaya zai gwada abin da ya ƙera? Sai ya rubuta kundinsa daga litattafan wasu, ya karɓi digiri, famfon kuwa ya tsaya a kan takarda.

Jama'a ba su manta da 2021 ba. A shekarar Gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, sa'an nan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido ba sai a Disamba. An yi haka domin a matse 'yan bindigar dajin Rugu, mun kuwa fahimci dalilin. Amma manomin rani da injinsa ke shan fetur shi ma ya matsu, a daidai lokacin da famfon hasken rana zai fi yi masa amfani, kuma babu mai sayarwa da zai ɗauko kaya ya shiga inda ba zai iya ko kiran gida ba. Cire tallafin fetur a 2023 ya ƙara wannan bukata. A Oktoban shekarar ne kuma aka sace 'yan'uwanmu ɗalibai mata biyar daga gidan da suke haya a cikin garin nan. Bayan wannan, wane malami ne zai sa hannu a takardar tura yara bakin daji?

Ga madatsar ruwa ta Zobe a kusa da mu, an gama ta tun 1983, Jami'ar Tarayya kuwa an kafa ta a 2011. Ruwa da ilmi suna maƙwabtaka, amma har yanzu gaisuwa kawai suke yi.

Mu dai a namu ganin, jiran sai lafiya ta samu gaba ɗaya kafin a fara aiki kuskure ne, jiran baƙo ya zo ya yi mana kuwa ya fi shi muni. Ɗan Kurfi da aka koya wa haɗa faifan rana ba ya bukatar rakiyar soja kafin ya shiga garinsu. Ya san hanya, ya san ranar da ba a fita. Saboda haka muna kira ga Hukumar Jami'a da ta buɗe gajeren kwas na haɗawa da gyaran kayan hasken rana ga samari da 'yan mata na Dutsin-Ma da Kurfi, a koyar da Hausa, ba tare da neman takardar sakandare ba. Muna kuma roƙon Gwamnatin Jiha ta keɓe fili kusa da Zobe, inda akwai masu tsaro, domin ɗalibai su riƙa gwada ayyukansu na shekarar ƙarshe tare da manoman wurin.

Ga waɗanda suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, kalma guda: idan takardar kwangilar fitilun rana ko rijiyar burtsatse ta iso teburinku, ku duba ko an rubuta wanda zai riƙa gyara, da garin da yake kwana. In babu, ku mai da ita.