Kada A Jira Bel Ya Tsinke

Jama'a, ga kaka ta matso, motoci za su shiga jigilar gyaɗa da dawa. To, ina jan kunnen masu motar dizal game da bel ɗin taimin. Shi ne ke daidaita tafiyar fistin da bawul. Ran da ya tsinke ana cikin gudu, sai fistin ya doki bawul ya lanƙwasa, dole a sauke kan inji, ga kaya jibge a daji. Waɗansu kan ce, "Ai yana aiki." Kuskure ne, gama sau da yawa ba ya kuka kafin ya tsinke. Hilux mai injin 3L, kowace kilomita 100,000 ake sake shi. Wanda kuwa ya sayi tsohuwar mota, kada ya amince da lambar kilomita, ya kai wa makaniki tun yanzu.